Kafin Gara Ta Riga Mu Karantawa

A wannan mako za mu ɗan ajiye lissafi da kimiyya, mu leƙa ƙarƙashin gadon kakanninmu, domin akwai wani darasi a can wanda in ba mu yi sauri ba gara za ta riga mu karanta shi.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Lokacin da ƙanin kakana ya rasu ina aji uku a sakandare. Bayan an yi sadakar bakwai, aka ce mu yara mu share ɗakinsa. A bayan ƙofa muka tarar da wata tsohuwar adaka ta ƙarfe, cike da takardu, wasu sun yi ja, wasu gara ta cinye gefensu. Gwaggona ta duba ta ce, "Ku ware masu sunan Allah a kai wa malam, sauran tarkacen a kai bayan gida a cinna musu wuta." Haka kuwa aka yi. Ni na riƙe ashanar. Kafin wutar ta kama sosai na zaro takardu uku, don kawai hatimin da ke jikinsu ya ba ni sha'awa. Na farko rasit ne na haraji, an rubuta kuɗin da fam da sule. Na biyu ƙaramin kati ne mai alamar tauraro. Na uku wasiƙa ce da ajami, wadda a lokacin ban iya karanta ta ba.

Na kai wa kakata katin, na ce, "Kaka, wannan fa na mene ne?" Ta juya shi a hannunta ta yi shiru, can ta ce, "Ɗan nan, ai wannan katin NEPU ne. Saboda shi aka ɗaure kakanku wata uku, aka yi masa bulala a bakin kasuwa." A ranar na fara jin cewa tsohon nan mai sayar da goro, wanda muke tsokana muna gudu, ya taɓa shiga kurkuku saboda siyasa. Bayan shekara huɗu rigimar gona ta taso tsakanin gidanmu da wasu maƙwabta. Alƙali ya nemi takardar shaidar saye. Baffana ya rantse cewa marigayi ya taɓa nuna masa ita, kuma a cikin adakar nan take. Babu wanda ya ce da ni uffan, amma na san hannun da ya ƙyasta ashanar. Rabin gonar ya tafi.

Abin da ya sa na ba ku wannan labari shi ne, mutane da yawa suna ɗauka tarihi yana cikin littafin makaranta ne kawai, ko a bakin marubuta da farfesoshi. Amma shi marubucin daga ina ya samo? Daga irin waɗannan takardu ne: rasit, wasiƙa, katin jam'iyya, rajistar makaranta, littafin shari'ar alƙali, hoton biki, tsohuwar jarida, kaset ɗin waƙa ko na lacca. Wurin da ake tara irin waɗannan kaya, a jera su, a yi musu lamba, a kare su daga ruwa da wuta da ƙwari, domin mai bincike ya zo ya duba, shi ne ma'adanar tarihi. Ta bambanta da laburare. Littafin laburare an buga shi dubbai, in ɗaya ya ɓace a sayo wani. Takardar ma'adana kuwa sau da yawa ita kaɗai ce a duniya, in ta ƙone shi ke nan.

A nan Arewa muna da irin waɗannan wurare, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san sunayensu. Akwai Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon a Kaduna. Masanin tarihi Kenneth Dike ne ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka har aka kafa ofishin adana takardu na Nijeriya a 1954, daga baya aka samu manyan rassa uku, a Ibadan da Inugu da Kaduna. A reshen Kaduna akwai fayil-fayil na lardunan Arewa: rahoton Razdan da na Di'o, ƙidayar mutane da dabbobi domin haraji da jangali, rigingimun iyaka tsakanin garuruwa, naɗin hakimai da tuɓe su, har da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Mai yiwuwa sunan ƙauyenku yana cikin wani fayil a can, da adadin gidajensa da sunan dagacinsa shekara ɗari da suka wuce.

A Kadunan dai akwai Arewa House, a kan titin Rabah, gidan da Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mayar da wurin cibiyar bincike da adana tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya zama shugabanta na farko, kuma tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Kano akwai Gidan Mambayya a unguwar Gwammaja, inda Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a watan Afrilu na 1983, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai hukumar tarihi da al'adu mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Yamai ta Jamhuriyar Nijar ma akwai cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke riƙe da tarin littattafan Larabci da ajami na rubutun hannu.

To, me ake samu in an shiga? Ku ɗauki siyasar jamhuriya ta farko. Littafinku zai gaya muku a layi biyu cewa an kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Wannan ya isa a ci maki a jarrabawa. Amma in kana son sanin me ya sa tela da mahauci da ɗan koli suka yarda a ɗaure su saboda tauraro, me kuma ya sa wasu suka riƙe fartanya da gaskiyarsu suna ganin ita ce za ta kare Arewa, sai ka buɗe takardun koke da talakawa suka aika wa hukuma, da littattafan kotunan En'e, da jaridun lokacin. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana da shafin wasiƙun masu karatu. Wanda ya karanta waɗannan wasiƙu zai ji abin da ke damun malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa na wancan zamani da bakinsu.

Haka batun mata. 'Yan mata masu karanta wannan shafi, kun san cewa matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai a 1976, alhali matan Kudu sun riga su da shekaru masu yawa? Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta rasu a 2001, ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutika. An san sunanta saboda an rubuta shi, an yi hira da ita, an ajiye. Amma ba ita kaɗai ce ta fita ba. Akwai ɗaruruwan mata a garuruwa da ƙauyuka da suka dafa abincin taro, suka ɓoye waɗanda ake nema, suka yi zaman gidan yari. Sunayensu suna cikin adakoki da ƙwaƙwalwar tsofaffi, wataƙila ma a gidanku.

Takarda tana iya ƙwato wa mutum haƙƙinsa ko bayan shekara hamsin. Misalin da ya fi fitowa fili ya faru ne a Kenya. A lokacin boren Mau Mau, daga 1952 zuwa 1960, Turawan Ingila sun tsare dubban mutane a sansanoni, an azabtar da da yawa. Da mulkin mallaka ya zo ƙarshe, sai aka ƙone wasu takardu, aka kwashe wasu zuwa Ingila a asirce. Shekaru suka wuce. Wasu tsofaffin Kenya suka shigar da ƙara a Landan a 2009. Ana cikin shari'ar, a 2011, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayil-fayil na ƙasashen da ta mulka, a wani wuri da ake kira Hanslope Park. Takardun suka ƙarfafa abin da tsofaffin suke faɗa. A watan Yuni na 2013 gwamnatin ta bayyana nadamarta a majalisa, ta amince ta biya fam miliyan 19.9 a kan ƙarar mutum 5,228. Ku lura da abu biyu a nan. Waɗanda suka ƙone takardu sun san ƙarfin takarda, shi ya sa suka ƙone. Waɗanda suka tsira daga wuta kuma su ne suka tsaya wa tsofaffin a gaban alƙali.

A Timbuktu ta ƙasar Mali kuwa, iyalai ne suka yi aikin. Shekaru aru-aru gidajen malamai suna gadon littattafan rubutun hannu, na fiƙihu da ilimin taurari da magani da tarihi da wasiƙun fatauci. Da 'yan bindiga suka kama garin a 2012, wani mai kula da irin waɗannan littattafai, Abdel Kader Haidara, tare da matasa da masu gidajen, suka riƙa zuba su a akwatunan ƙarfe, suna fitar da su da mota da kwalekwale zuwa Bamako. Dubban ɗaruruwa suka tsira ta haka. A watan Janairu na 2013, da 'yan bindigar za su gudu, suka cinna wa kimanin 4,000 wuta a Cibiyar Ahmed Baba. Da a ce masu gidajen sun tsaya jiran gwamnati, da asarar ta ninka haka sau da yawa.

Mu ma muna da irin wannan a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Zuriyarta, gidan Wazirin Sakkwato, su suka riƙe takardunta daga hannu zuwa hannu. Waziri Junaidu ya ba wa Jean Boyd dama ta duba su, daga baya ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta a 1997. Yau ana karanta Nana Asma'u a jami'o'in duniya saboda wani gida ya ƙi barin gara da ɗigar ruwa su taɓa takardun kakarsu.

Sai dai in ja kunnenku a kan abu ɗaya. Kasancewar magana a rubuce cikin tsohuwar takarda bai sa ta zama gaskiya tsantsa ba. Duk takardar da ta zo hannunka, yi mata tambaya uku: wa ya rubuta ta, wa ya rubuta wa, kuma me yake nema? Ku ɗauki Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato. A watan Fabrairu na 1906 mutanensa suka yi wa Turawa tawaye, suka kashe Turawa uku da sojojinsu da dama. A watan Maris aka turo runduna, aka kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin. Kusan duk rahoton da ke ma'adana a kan wannan lamari, waɗanda suka yi harbin ne suka rubuta shi, kuma sun rubuta ne domin manyansu su yarda cewa abin da suka yi daidai ne. Mutanen Satiru ba su bar fayil ba. Don haka mai bincike na kirki yakan haɗa rahoton Bature da waƙoƙin ajami, da wasiƙun sarakuna, da abin da jikokin mutanen yankin suka ji daga iyayensu, sannan ya auna.

Wannan ya kawo mu ga tarihin baka. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya a ƙasar Zazzau, tana tambaya tana rubutawa. Tsohuwar ba sarauniya ba ce, ba kuma malama ba ce. Ta ba da labarin ƙuruciyarta, da harin masu kama bayi, da zuwan Turawa, da aure da kishi da ƙawance da goyo. Ta rasu a 1951, aka buga littafin a 1954 da sunan Baba of Karo. Har yau duk mai nazarin rayuwar matan Hausa na wancan zamani sai ya bi ta kansa. Da Mary Smith ta ce bari sai baɗi ko baɗin baɗaɗa, da ta makara. Kakarku ma tana da labari irin wannan, kuma ku kun fi Baturiyar nan dama, domin harshenku ɗaya da ita, tuwonku ɗaya.

Ga aikin da nake so kowannenku ya gwada a hutun nan. Da farko nemi izini. Kada ka buɗe akwatin kowa a ɓoye. Ka sami babba a gida ka ce, "Baba, ko akwai tsofaffin takardu ko hotuna da zan iya gani? Ina so in rubuta tarihin gidanmu ne." In an ba ka, wanke hannu ka bushe shi sosai, ka shimfiɗa tabarma mai tsabta nesa da abinci da ruwa. Buɗe takarda a hankali. Wadda ta manne da wata kada ka fizge ta. In ta yage kada ka liƙa mata salatif, domin gam ɗinsa yana rina takarda ya ci rubutu. Kada kuma ka kai a rufe ta da roba mai zafi irin ta shagon hoto, saboda in an yi ba a iya warewa, kuma zafin yana lalata tawada. Cire tsatsattsen fil ko ƙusa in zai fita cikin sauƙi. Kada ka yi rubutu a kanta da biro. In za ka sa lamba, sa da fensir a jikin ambulan da za ka ajiye ta.

Na biyu, ɗauki hoto. Ari wayar yaya ko ta baba, ka ɗauka da rana a inuwa, gaba da baya, yadda kowane harafi zai fito. Sannan ka sami littafi guda ka rubuta: lamba ta ɗaya, rasit ɗin haraji, na wane ne, shekara kaza, an same shi a ɗakin wane. Hoto kuwa, ka zauna da tsoho ya faɗa maka sunayen waɗanda ke ciki, da wurin, da dalilin taron. Hoton da ba a san mutanen cikinsa ba ya rasa rabin amfaninsa, kuma wanda ya san su ba zai dawwama ba. Kada ka bar hotunan a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ka sa a kwamfuta ko a katin ajiya, ka tura wa wani ɗan'uwa a wani gari. Ka sani kuma WhatsApp yana rage kyan hoto in an tura shi kai tsaye, gara a tura shi a matsayin fayil.

Na uku, yi hira. Zaɓi lokacin da tsoho yake cikin nishaɗi, bayan la'asar ko bayan cin tuwon dare. Gaya masa za ka naɗi muryarsa, in bai yarda ba ka rubuta da hannu. A farkon naɗin faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana. Kada ka ce, "Kaka, ba ni tarihi," domin zai rasa ta inda zai fara. Yi tambaya ƙarama: "Kaka, ranar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, kina ina?" Ko, "Baba, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, yaya aka yi a ƙauyenmu?" Ko ka tambayi wa ya haƙa rijiyar unguwa, wa ya ba da filin makaranta, yaushe aka tashi kasuwa daga tsohon wurinta, yaya aka yi da yunwar farkon shekarun 1970. In ya yi shiru kada ka katse shi, sau da yawa bayan shirun ne maganar take fitowa. In kuma ya ce wannan sirrin gida ne, ka riƙe amana, kada ka watsa a intanet don neman yabo.

Na huɗu, gyara wurin ajiya. Abokan gabar takarda su ne danshi, gara, ɓera, kyankyaso, rana da wuta. Akwati ya hau kan benci ko bulo, kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, kada kuma ya zauna a ƙarƙashin inda rufi yake yoyo. A riƙa buɗe shi ana dubawa, musamman da damina. In kun ga abin da ya fi ƙarfin gida, kamar littattafan ajami masu yawa ko takardun wani tsohon ɗan siyasa ko alƙali, ku shawarci manya a tuntuɓi sashen tarihi na jami'a mafi kusa ko ɗaya daga cikin cibiyoyin da na ambata. Ana iya ɗaukar hotonsu a bar wa iyali asalin kayansu.

Makarantarku ma tana da tarihi. Ina rajistar ɗaliban farko? Ina littafin da shugabannin makaranta suke rubuta abin da ya faru kullum? Ina hotunan 'yan wasan ƙwallo da na masu muhawara na shekarun baya? Sau da yawa suna cikin sito tare da karyayyun kujeru. Ku sami malamin tarihi ko na Hausa ku ce, "Malam, muna so mu kafa ƙungiyar tarihi, a ba mu kabad ɗaya." Mutum biyar sun isa a fara. Wanda ya iya ajami ya karanta, mai kyan rubutu ya riƙe littafi, mai waya ya ɗauki hoto.

Wasiƙar ajamin nan da na zaro daga wuta, sai da na shiga jami'a na zauna da wani malamin allo ya karanta mini ita. Ƙanin kakana ne ya rubuto wa mahaifiyarsa daga gidan yari, yana cewa kada ta damu, a kula masa da akuyarsa, kuma a gaya wa mai unguwa bai tuba ba. Layi bakwai ce kacal. Tana nan a ambulan a cikin kabad ɗina, na kuma ba kowane ɗa na gidanmu hotonta.

Wanda ya yi wannan aiki a hutu, ya rubuto mana a shafi ɗaya abin da ya gano, tare da sunan makarantarsa da ajinsa, bayan ya nemi izinin manyansa. Za mu zaɓi masu kyau mu buga a wannan fili in Allah ya yarda. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, a yi karatu lafiya.